Ɗan Kasawa: Ɗan Sarkin Da Ya Zo Damagaram Gudun Hijira Kafin Ya Hau Gadon Maraɗi

Yau idan mutum ya tsaya a bakin Kasuwar Dole ya tambayi samari ko wane ne Ɗan Kasawa, da yawansu za su ce masa ai ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta Maraɗi. Ba su yi ƙarya ba, akwai ƙungiya mai wannan suna. To amma mai sunan na asali ɗan sarki ne da ya tashi cikin daula, rana ɗaya ya wayi gari ba shi da ko bukkar da zai sa kansa, ya shigo wannan ƙasa tamu ta Damagaram da ragowar mutanensa suna neman mafaka. Abin nan da muke kira ɗan gudun hijira a gidajen rediyo, to shi Ɗan Kasawa ya zama, har sama da shekara goma.

An haife shi a gidan sarautar Katsina cikin ƙarni na 18. Mahaifinsa shi ne Sarkin Katsina Agwaragi, wanda ya sha gwabzawa da Gobirawa a zamanin Bawa Jan Gwarzo. Ku riƙe wannan a zuci, don nan gaba za mu ga yadda wahala ta haɗa jikokin waɗannan abokan gaba a inuwa ɗaya.

Katsinar da ya tashi a cikinta, ku ƴan kasuwa kun fi kowa sanin darajarta. A wancan zamani ita ce babbar kasuwar ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma daga Gadamas da Gat da Agadas a nan yake sauke kaya, fatake su ɗauka su yi kudu, wasu su yi yamma har Gwanja su sayo goro. Ga malamai, ga makarantu, birnin Wali Ɗan Marna da Wali Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau tana kallon kowa. Yaron da aka haifa a fadar irin wannan birni, ko a mafarki ba zai kawo wa ransa cewa wata rana sai an taimaka masa da abin da zai ci ba.

Sai ga jihadi. A nan akwai abin da ya kamata a faɗa tun da wuri, don kada wani ya ɗauka muna ɗaukar gefe ne a rigimar da ta wuce shekara ɗari biyu. Waɗanda suka fara ɗanɗana gudun hijira a wannan yaƙi su ne jama'ar Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo. A watan Fabrairu na 1804 suka bar Ɗagel suka nufi Gudu, da tsofaffi da mata da yara da littattafai a kan dabbobi, Nana Asma'u tana yarinya ƴar kimanin shekara goma a cikinsu. Yunwa ta ci su, cuta ta ci su, sun yi ta sauya mazauni kafin su samu wurin zama a Gwandu. Bayan shekara uku kacal sai reshe ya juya, waɗanda suka yi gudu jiya su ne masu nasara, sarakunan da ke zaune cikin ganuwa su ne a kan hanya.

A ƙasar Katsina, malamai uku ne suka jagoranci yaƙin: Malam Umarun Dallaje, da Malam Umarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. Wajen 1807 birni ya faɗi. Sarkin Katsina Magajin Haladu ya fita da mutanensa suka yi arewa, suka tsaya a Ɗankama, garin nan da ke bakin iyaka wanda masu safarar hatsi da dabbobi suka san kasuwarsa. A nan aka sake cin su da yaƙi. Kamar yadda tarihi ya zo da shi, baƙin ciki ya sa Magajin Haladu ya faɗa rijiya ya mutu. Manyan fada da suka rage suka ga ba za a bar jama'a babu jagora ba, sai suka naɗa Ɗan Kasawa.

Ku dubi irin wannan naɗi. Babu fada, babu gari, babu talakawan da za su kawo gaisuwa, sarkin da ya gada yana cikin rijiya, abokan gaba suna bayansa. Abin da aka danƙa masa kawai shi ne mutane masu gudu da alhakin kai su inda za su kwana da rai. Ya juya da su gabas, suka nufo Damagaram.

Damagaram ɗin da suka tarar ba ita ce wadda muke alfahari da ita a yau ba. Ganuwar Birni da bindigogin igwa, duk sai zamanin Sarki Tanimun, bayan shekaru kusan hamsin. A lokacin ƙaramar sarauta ce da ke kai gaisuwa Barno, wadda wani malami baƙo daga gabas ya kafa a ƙarni na 18, ta kuma samo sunanta daga garin Damagaram, can wajen Damagaram Takaya. Uwar gijiyar tata ma, wato Barno, tana cikin nata tashin hankali, don a 1808 mayaƙan jihadi suka shiga Birnin Gazargamu, Mai Ahmadu da kansa ya fita gudu. Ke nan babu wani babba da Damagaram za ta jingina da shi idan masu nasara suka biyo sawun baƙinta. Duk wanda ya sauki wanda ake nema ya san abin da ya jawo wa ƙofar gidansa. Da haka Sarkin Damagaram ya karɓe su, suka zauna wajen shekara biyu.

Kuma ba su kaɗai ba ne. Sarkin Daura Gwari Abdu shi ma an fitar da shi daga birninsa, shi ma nan gefen ya yo da mutanensa, suka yi ta zama daga wannan gari zuwa wancan a ƙarƙashin inuwar Damagaram, har zuriyarsa suka kafu a Zango da Baure. Sai a 1906, bayan kusan shekara ɗari, Turawan Ingila suka mayar da jininsa, Malam Musa, kan gadon Daura.

Ban ce tausayi zalla ne ya sa Sarkin Damagaram ya buɗe ƙofa ba. Sarauta ba ta rasa lissafi. Baƙin nan sun zo da mayaƙa, da masu sana'a, da fatake da suka san hanyoyi, kuma zamansu a yamma da kudu katanga ce tsakanin Damagaram da sababbin sarakunan Katsina da Daura da Kano. Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda littattafan tarihi ba su cika waiwaya ba. Sarki yana cewa an karɓi baƙi ne da baki, saukar kuwa a gidan talaka ake yin ta. Wanda ya zo gudu bai zo da rumbu ba, kuma ko an ba shi aron gona a ranar da ya iso, sai ya jira damina ta faɗi, ya yi shuka, ya yi noma, kaka ta yi, sannan ya ci guminsa. Duk tsawon watannin nan daga rumbun wani yake ci. Iyayena mata, ku kuka san ma'anar wannan. Tiyar da aka saba aunawa don mutum takwas ita za a miƙe ta ishi goma sha biyar. Mai daka ta ƙara turmi, mai jan ruwa ta ƙara guga a rijiyoyinmu masu zurfin nan, a ƙara wa fura ruwa, a matsa wa yara su kwana ɗaki ɗaya don baƙuwa mai goyo ta samu wuri. Sunan sarki ne ya shiga tarihi, amma waɗannan matan su suka ciyar da Katsinawa.

Shi ma baƙon yana da nasa ciwon da mai gida ba ya gani. Mutumin da aka saba faɗuwa a gaishe shi, yanzu shi ke zuwa gaisuwa fadar wani, ya zauna inda aka nuna masa. Attajirin da ke da rumfa da bayi da raƙuma a Katsina ya koma dillancin kayan wani. Matar da ba ta taɓa fita ba ta ɗauki tallan abin da hannunta ya iya. Shi ya sa idan kuka ga baƙuwa daga Difa ko daga Zamfara ta tsaya gaban rumfarku tana taya rabin tiya tana sunkuyar da kai, kada ku yanke cewa haka ta taso. Sau da yawa wadda ke gabanku ta taɓa riƙe jarin da ya fi naku, dare ɗaya aka raba ta da shi.

Bayan shekara biyun nan Ɗan Kasawa ya tashi da mutanensa ya koma Gafai, kusa da iyakar Damagaram da tsohuwar ƙasar Katsina. Wannan ɗabi'a ce ta masu gudun hijira a ko'ina cikin duniya: ba sa son yin nisa da gida, kullum kunnensu na wajen, suna jiran labarin da zai ce a koma. Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wadda muka fi sani da HCR, ta ƙiyasta cewa a ƙarshen 2024 mutanen da rikici da zalunci suka raba da gidajensu sun haura miliyan 123, wato sun ninka jama'ar Nijar fiye da sau huɗu. Daga cikin waɗanda suka tsallaka iyaka kuwa, wajen kashi biyu cikin uku a ƙasashen maƙwabta suka tsaya. Hotunan da ake nuna mana na jiragen ruwa a tekun Bahar Rum suna sa mutum ya zaci duk Turai suke tafiya, alhali mafi yawansu suna hannun maƙwabta ne, talakawa irinsu. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, Cadi ce ta sauki dubban ɗaruruwan mutanensa a garuruwan iyaka irin su Adare.

A Gafai zama ya yi tsawo. Shekara ta bi shekara, yaran da aka goyo daga Ɗankama suka zama samari, aka haifi wasu da ba su taɓa ganin ganuwar Katsina ba. A irin wannan zama ne jama'a ke watsewa, kowa ya kama gabansa. Wasu fataken ƙasar Katsina ma tuni suka ga kasuwa ta koma Kano suka bi ta can, cikinsu har da Agalawa, dangin da daga baya suka fitar da Alhassan Ɗantata. Babban aikin da Ɗan Kasawa ya yi a rayuwarsa, a ganina, a waɗannan shekaru na shiru ya yi shi, da ya riƙe mutanensa wuri ɗaya, ya riƙe sarautun Katsina da tsarinta a cikin bukkoki, ba a bar Kaura ya daina zama Kaura ko Galadima ya daina zama Galadima don babu soro ba.

Mafita ta zo masa daga inda bai shuka ba. Maraɗi a lokacin ƙaramin gari ne cikin kurmin gulbi, a arewa maso yammacin ƙasar Katsina, mazaunansa manoma da mafarauta, da yawansu masu bin al'adun gargajiya. Sababbin masu mulkin Katsina sun ajiye musu wakili mai suna Mani, wanda mutanen wurin suka ƙosa da nauyin hannunsa. Suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo ya jagorance su. Labarin da ake bayarwa a Maraɗi ya nuna bai yi saurin amsawa ba. Wanda ya ga abin da ya faru a Ɗankama ba ya taka ƙasa sai ya gwada ta, yana tsoron kada kiran ya zama tarko. Sai da mutanen suka tashi da kansu suka kashe Mani, suka kai masa shaida, sannan ya taso. Wajen 1819 ya shiga Maraɗi.

Daga nan labarin ya zama na yaƙi. Sarkin Katsina Umarun Dallaje bai zuba ido ba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma haka, amma ba a iya tumɓuke shi ba. Kurmin gulbi ya yi masa garkuwa, mutanen ƙasa suna tare da shi, bayansa kuma ga Damagaram. A hankali arewacin tsohuwar ƙasar Katsina, har da Tasawa, ya dawo hannunsa. Ya shimfiɗa fada irin ta gidan ubansa, da Kaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, ga kuma Iya a ɓangaren mata. Bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. Sarkin Katsina yake amsawa, don a wurinsa Maraɗi zango ce, gida yana can kudu, tafiyar kwana biyu ko uku.

Bai koma ba. Ya rasu wajen 1830 a Maraɗi, bai sake sa ƙafa a birnin da aka haife shi ba.

Akwai kuma ɓangaren labarin da ba ya da daɗin ji, amma rufe shi ba adalci ba ne. Wanda aka kora, da ya samu ƙarfi, shi ma ya kori wasu. Hare-haren da Maraɗi ta yi ta kai wa ƙasar Katsina da Zamfara, tun zamaninsa har zamanin magadansa, ƙauyukan talakawa suka ci, aka ƙone rumbuna, aka kama mutane aka sayar. Ɗaya gefen ma haka suke yi idan sun shigo. Damagaram ɗin da ta sauki baƙi ita ma ba ta tsira daga wannan ba, don Baturen nan Richardson da ya zauna a Zindar a farkon 1851 ya rubuta yadda ya ga ana shigo da bayin da aka kamo daga garuruwan da ke kusa. Manomin da ke tsakanin Katsina da Maraɗi bai san wane ne mai gaskiya a rigimar gadon sarauta ba, abin da ya sani shi ne idan ya hango ƙura ya kwashi ƴaƴansa ya shiga daji.

Wanda ya gaje shi, Rauda, ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali, don su ma Gobirawa tun faɗuwar Alƙalawa a 1808 suke yawo babu birni. A 1836 Muhammadu Bello ya ci su a Gawakuke, sarakunan biyu duk suka kwanta a fagen fama. Ragowar Gobirawa suka rasa inda za su dosa. Sai Sarki Ɗan Mari, wanda ya hau bayan Rauda, ya taimaka wa Sarkin Gobir Mayaƙi aka kafa Tsibiri, ɗan taƙi kaɗan daga Maraɗi. Kun tuna Agwaragi da Bawa Jan Gwarzo? To ga zuriyarsu nan gefe da gefe a bakin gulbi ɗaya, waɗanda aka sauka jiya sun zama masu saukar wasu. Bayan ƴan shekaru, cikin 1840 da ƴan kai, mutanen ƙasar Ruma suka yi tawaye da goyon bayan Ɗan Mari, Sarkin Katsina Siddiƙu ya murƙushe su, garuruwa da dama suka watse, ƙasar ta koma daji shekara da shekaru.

Da Turawa suka zo, Faransa da Ingila suka ja layi a tsakiyar wannan ƙasa, ayarin Kyaftin Tilho ya bi yana kafa alamun iyaka daga 1906 zuwa 1908. Ɗankama da Katsina suka faɗa Najeriya, Maraɗi da Tasawa da Damagaram suka faɗa Nijar. Wani jami'in ayarin mai suna Landeroin ya zauna da tsofaffin fada ya rubuta abin da suka gaya masa, kuma daga nan ne aka samo da yawa daga labarin da muke bayarwa yau. Layin bai hana kowa gudu ba idan wuya ta yi wuya, sai dai gudun ba kullum gefe ɗaya yake fuskanta ba. A yunwar Kakalaba ta 1914, da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 wanda iyayenmu ke kira El Buhari, mutanenmu ne suka yi kudu, Daura da Katsina da Kano suka sauke su. A watan Oktoba na 2013 kuma aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara ne daga wajen Kance, ƙishirwa ta kashe su a kan hanyar neman abinci. Babu wanda ya isa ya ce shi daga gidan masu saukar baƙi kawai ya fito.

Tsohon garin da Ɗan Kasawa ya zauna a cikin kwari, ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka tayar da sabon Maraɗi a kan tudu. Sarautar tana nan, kuma har yanzu Sarkin Katsina ake kiran mai riƙe da ita. A 2019, da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, har da yankin Ruma da Jibiya, mutane suka yi ta tsallakowa jahar Maraɗi. Kafin watan Satumba na shekarar HCR ta ƙirga sama da 40,000, mafi yawansu mata da yara. Kafin motocin agaji su iso, mutanen ƙauyukan iyaka na wajen Gidan Rumji ne suka buɗe musu gidaje da rumbuna. Daga baya aka matsar da wasunsu nesa da iyaka, aka zaunar da su tare da mutanen gari a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori.